Ƙamshin mai a Stamford Hill

Sanyin Landan na watan Disamba jiƙaƙƙe ne, mai ratsa riga ya shiga ƙashi, ga rana kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma ta yi sallama. A gidan ƙanwata na sauka, a unguwar Tottenham da ke arewacin birnin. Ma'aikaciyar jinya ce, ta daɗe a can har ta san lungunan da masu zuwa yawon buɗe ido ba sa takawa. Wata Alhamis da ba ta da aiki ta leƙo falo ta same ni na dunƙule kusa da na'urar ɗumama ɗaki.

"Yaya, tashi ka sa rigar sanyi. Makon nan Yahudawa ke suyar donot, in ya wuce sai baɗi."

Muka hau bas mai lamba 149, ja mai hawa biyu, wanda ke tasowa daga Edmonton ya gangara har London Bridge. Hanyar a miƙe take sambal, domin a kan tsohuwar hanyar Rumawa aka shimfiɗa ta. Daga Seven Sisters zuwa inda za mu tafiyar 'yan mintuna ce, amma a cikin 'yan mintunan nan titi ya sauya kama. Shagunan 'yan Afirka masu doya da busasshen kifi da na Turkawa masu kayan lambu suka fara raguwa, allunan da ke ɗauke da baƙaƙen Ibrananci suka fara yawa. Ga maza cikin dogayen baƙaƙen kwat da huluna masu faɗin baki, gemu har ƙirji, da silin gashi a nannaɗe gefen kowane kunne, suna tafiya da sauri kamar an kira su. Mata kuwa dogayen siket ne da safa, kai a rufe da ɗankwali ko hular gashi, kusan kowacce na tura keken jarirai, wani keken ma mai ɗaukar biyu ne, ga wasu yaran riƙe da gefensa. Mun iso Stamford Hill ke nan, inda Yahudawa 'yan ɗariƙar Hasidi suka fi taruwa a duk nahiyar Turai.

Ba jiya suka zo ba. Sarki Edward na Ɗaya ya kori Yahudawa daga Ingila a 1290, ba su sake samun damar zama a fili ba sai a 1656, zamanin Oliver Cromwell. Daga 1881 zuwa barkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya sai ga fiye da mutum dubu ɗari sun kwararo daga ƙasashen da ke ƙarƙashin daular Rasha, suna gudun kisan gilla da talauci. Galibinsu a gabashin Landan suka fara yada zango, wajen Whitechapel da Brick Lane, suna ɗinki da aikin katako da gashin burodi. Duk wanda hannunsa ya ɗan yi maiƙo sai ya matsa arewa neman gida mai fili, a haka Stamford Hill ta fara cika. Daga baya waɗanda suka tsere wa 'yan Nazi suka ƙaru, sannan waɗanda suka tsira daga sansanonin halaka, sannan 'yan Hangari bayan da sojojin Tarayyar Sobiyet suka murƙushe boren 1956. Kowace ƙungiya a cikinsu sunan garin da shehinta ya fito take amsawa: Satmar, Belz, Bobov, Vizhnitz, duk garuruwa ne na gabashin Turai da yanzu da ƙyar za ka sami Bayahude a cikinsu. A gida da kan titi Yidish suke yi, harshen da ya samo asali daga tsohon Jamusanci ya gauraya da Ibrananci da harsunan Folan da Rasha, ana rubuta shi daga dama zuwa hagu.

Na san abin da zai fara zuwa zuciyar mai karatu da ya ji an ce Bayahude, don ni ma da shi na hau bas ɗin. To ga wani abu da ba kowa ya sani ba a gida: 'yan Satmar, waɗanda suna daga cikin mafi yawa a unguwar, ba sa goyon bayan kafa ƙasar Isra'ila. Hujjarsu ta addini ce, sun ce ba a halatta wa Yahudawa kafa mulki a can da ƙarfin kansu ba kafin zuwan Almasihun da suke jira. Ba dukan mazauna unguwar ke kan wannan ra'ayi ba, amma ya isa ya nuna cewa ba a yi wa mutane kuɗin goro.

Gidan burodin ba a kan babban titi yake ba. Mun ratsa ta wani layi mai jerin tsofaffin gidajen jan bulo, kuma tun kafin in ga shagon hancina ya riga ni isa: ƙamshin tafasasshen mai, da yis, da kirfa. Ɗan ƙaramin wuri ne, tsakanin wani mai sayar da kifi da wani mai sayar da littattafan addini. Gilashin gaba ya yi gumi saboda zafin ciki da sanyin waje. A jikin dogaran ƙofa, ta hannun dama, an kafe wani siririn kwanso a ɗan karkace, wanda suke kira mezuza, a cikinsa akwai ayoyin Attaura rubuce a kan fata. Na ga masu shiga da yawa suna shafa shi da yatsu su kai baki, ba tare da sun ko rage sauri ba.

Ciki ba masaka tsinke. Kekunan jarirai uku sun cinye rabin filin, sauran rabin kuma layi ne da ya lanƙwashe har bakin ƙofa. Babu kujera, babu tebur, babu kiɗa, babu wani ado na jan hankalin baƙo. Kanta ce doguwa mai gilashi, bayanta katakai cike da burodi har rufi, a gefen na'urar kuɗi kuma gwangwanayen sadaka a jere, kowanne da sunan makaranta ko gidauniyar marasa lafiya. Duk wanda aka ba canji sai ka ji ƙarar kwabo a cikin ɗaya daga cikinsu. Mata biyu ke sallamar jama'a, suna juya harshe daga Yidish zuwa Turanci gwargwadon fuskar da ke gabansu. Ba wanda ya yi mana kallon mamaki. Hijabin ƙanwata ma, a wurin da kowace mace kanta a rufe yake, bai zama abin kallo ba.

Ta raɗa mini cewa in na zo biya in ajiye kuɗin a kan kanta, kar in miƙa a hannu, domin mata da mazan da ba muharramai ba ba sa haɗa hannu a nan. Na ce mata wannan kam ba sai an koya mini ba.

Donot ɗin ya mamaye kusan komai. Tire-tire ake fitowa da shi daga ƙofar baya, wani saurayi mai farar riga da 'yar hula a tsakiyar ka yana ajiyewa yana kwashe wanda ya ƙare. Ba mai rami a tsaka ba ne irin na Amurkawa. Dunƙulalle ne, ya kai cikin tafin hannu, an barbaɗa masa garin sukari, ga ɗigon jan jam a samansa inda aka tsira shi aka ɗura. Akwai kuma na zamani, mai cakulan da mai kirim da mai narkakken sukari, an jera su gefe guda da tsadarsu, amma na lura dattawa ba sa ko kallonsu. Mutane ba ɗaya ko biyu suke saye ba, kwali-kwali ake fita da shi, na makaranta, na majami'a, na gidan surukai.

Dalilin wannan suya yana da tsohon labari. A ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa, wani sarki mai suna Antiyokus na Huɗu, daga zuriyar janar-janar ɗin Girkawa da suka raba daular Iskandari, ya hana Yahudawa addininsu, ya mayar da Haikalinsu na Birnin Ƙudus wurin bautar gumaka. Wani gidan malamai da ake kira Makabiyawa suka yi tawaye, suka ƙwato Haikalin a shekara ta 164 kafin Miladiyya, suka tsarkake shi. Littafinsu na Talmud ya ce da suka zo kunna fitilar Haikali, tulu ɗaya tak na tsarkakken man zaitun suka samu, wanda bai wuce na kwana ɗaya ba, amma ya ci har kwana takwas. Shi ne bikin Hanuka: dare takwas ana kunna fitila, kowane dare a ƙara ɗaya, kuma ana cin abin da aka soya da mai. Bikin na farawa ran 25 ga watansu na Kislev. Da wata suke lissafi kamar mu, sai dai su suna ƙara wata na goma sha uku sau bakwai a cikin kowace shekara 19, don haka bukukuwansu ba sa zagaya shekara yadda azuminmu ke yi. Hanuka kullum tsakanin ƙarshen Nuwamba ne da ƙarshen Disamba take kamawa, a tsakiyar hunturun Turai, lokacin da jiki ke neman maiƙo da kansa.

Shi kansa donot ɗin ba daga Ƙudus ya fito ba. Abincin Jamusawa ne da mutanen Folan, waɗanda da kitsen alade suke soya nasu. Yahudawan da ke zaune a cikinsu suka karɓi sana'ar suka canza man. Da Yidish ponchke ake ce masa, da Ibrananci na zamani sufganiya, kuma a shagon na ji ana faɗin duka biyun. Masana tarihin abinci sun ce a shekarun 1920 ƙungiyar ƙwadago ta Yahudawan Falasɗinu, Histadrut, ce ta tallata shi a matsayin abincin Hanuka, saboda wainar dankalin da aka saba kowace uwa na iya soya ta a gida, shi kuwa wannan sai an saya, ka ga masu gashi da masu dako sun sami aiki. Yahudawan Maroko kuwa nasu daban ne, sfenj, wanda Musulmin ƙasar ma shi suke karya kumallo da shi.

Ban iya jira har gida ba. Muna cikin layin biya na ciro ɗaya daga cikin takarda na gatsa. In kana neman abin da za ka kwatanta shi da shi, ka ɗauki fanke, ka ƙara masa ƙwai da laushi, ka rage masa danƙo, ka ninka girmansa uku. Da ɗuminsa yake, ɓawon sirir, cikin kamar ba komai don sauƙi, sai da na kai tsakiya jam ɗin ya tsarto mini a yatsa. A kewayen cikinsa akwai wani farin zobe inda mai bai taɓa ba, ƙanwata ta ce alamar ƙullun ya tashi yadda ya kamata ke nan, ya yi iyo a kan mai maimakon ya nutse. Ya yi daɗi, ba musu. Amma in faɗi gaskiya, jam ɗin zaƙi ne zalla, ba ka jin ɗan itacen da aka ce da shi aka yi, kuma bayan guda ɗaya raina bai nemi na biyu ba. Abin da ya fi donot a shagon nan yana can ƙasan kanta, ba a yi masa talla.

Kafin in kai gare shi, wata takarda da ke manne a bango kusa da ƙofa ta ɗauke mini hankali. Tana da hatimi da sa hannu da ranar ƙarewa, rabi Ibrananci rabi Turanci. Takardar shaidar kosha ce, wato tabbacin cewa abin da ake sayarwa ya bi dokokin abincinsu. A wannan unguwa hatimin da aka fi yarda da shi shi ne na Kedassia, sashen kula da abinci na ƙungiyar majami'un masu tsantseni da aka kafa a 1926. Wani dattijo mai furfurar gemu, da garin fulawa a hannun rigarsa, ya gan ni ina karantawa. Da alama mai wurin ne, ko uban mai wurin. Ya tambaye ni daga ina, na ce Najeriya, ya gyaɗa kai ya ce yana da masu saye 'yan can da yawa, galibi ma'aikatan asibiti. Da ya ga ina da tambayoyi sai ya jingina da bango, ya bar layi na tafiya.

Abin da na tsinta daga bakinsa, da wanda na riga na karanta, ga shi. Doka mafi girma a gidan burodi ita ce raba nama da madara. Sau uku Attaura ta hana dafa ɗan akuya a cikin nonon uwarsa, malamansu kuma suka faɗaɗa hanin har ya zama ba a haɗa kowane nama da kowane abu na madara a ciki ɗaya, ko a tukunya ɗaya, ko da cokali ɗaya. Wanda ya ci nama sai ya jira, mafi yawansu awa shida, kafin ya sha shayi da madara. To abincin daren Asabar, ranar hutunsu ta addini, da nama ake yin sa, kuma ana son kayan zaƙi a bayansa. Shi ya sa mafi yawan abin da ke shagon ba ruwansa da madara ko bota, da man gyaɗa ko man kanti na tsirrai ake kwaɓa shi, su ce masa parev, wato ba na nan ba, ba na can ba. 'Yan kaɗan masu cuku da kirim na gaske an ware musu kwabarsu da tirensu da takardar gargaɗi.

Ƙwai kuma ɗaya bayan ɗaya ake fasa shi a kofin gilashi a duba, in an ga ɗigon jini a zubar. Fulawa sai an tankaɗe ta saboda ƙwari, domin cin ƙwaro ko na ƙanƙanin gani haramun ne gare su. Ma'aikatan da ke cikin ɗakin gashi ba duka ne Yahudawa ba, na hango wasu da suka yi kama da mutanen gabashin Turai, amma wutar tanderu dole Bayahude ne zai kunna ta. Sannan daga kowane babban kwaɓi ana gutsurar ɗan kaɗan a ƙone. A zamanin Haikali rabon malamai ne zuriyar Annabi Haruna, yau babu Haikali, amma ba su daina cirewa ba. A kan duk wannan akwai mai sa ido da hukumar ke turowa ba tare da sanarwa ba, ya buɗe buhuna, ya karanta jikin gwangwanaye, ya duba takardun saye.

Na ce masa in aka kama mutum da ha'inci fa? Ya yi murmushi ya nuna layin da hannu. Ba sai an kai kowa kotu ba. A cire takardar nan daga bango da safe, kafin azahar labari ya gama majami'u, washegari ba mai shigowa. Na jima ina juya wannan magana. Hukuma na da hatimi, amma ƙarfin hatimin daga matan nan masu kekunan jarirai yake, waɗanda za su juya su fita ba tare da sun ce uffan ba. Tsarin na da tsada, kuma mai saye ne ke biya, don burodin kosha ya fi na manyan kantuna kuɗi, alhali iyalai da yawa a unguwar masu 'ya'ya bakwai ne ko takwas kuma ba masu hali ba. Duk da haka suna biya.

Ga Musulmi baƙo a Landan, wanda ya gaji da juya leda yana karanta ƙananan rubutu don neman kitsen alade, irin wannan shago hutu ne. Alade da duk abin da aka tatso daga jikinsa ba ya ƙetare ƙofar. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta yi magana kan abincin Ma'abota Littafi, kuma muhawarar malamai a kan yanka take, burodi kuwa ba yanka ba ne. Sai dai kosha ba halal ba ce kai tsaye, kuma inda suka rabu shi ne giya. Su ba a haramta musu ita ba, da ruwan inabi ma suke buɗe Asabar. Don haka na tambayi dattijon ko akwai abin da aka sa wa barasa. Bai yi mamaki ba, da gani an saba yi masa tambayar. Ya nuna wasu baƙaƙen dunƙule-dunƙule na cakulan a kusurwa, da wani kek mai hawa-hawa, ya ce waɗannan biyun ka bar su, sauran ci abinka.

Katakan bayan kanta kuwa hala ce ta cika su, burodin Asabar, mai kitso, mai sheƙi saboda ƙwan da aka shafa masa kafin gashi, wani da riɗi a kai, wani da wasu ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi da ba su kai riɗi girma ba. Biyu-biyu ake saye, ko huɗu, ko shida. Kowane cin abinci na Asabar da malmala biyu ake fara shi, don tunawa da mannu da aka saukar wa Bani Isra'ila a jeji, wanda a cewar Attaura ranar Juma'a ninki biyu ake tsinta domin ba a fita tsinta ran Asabar. Alhamis da safiyar Juma'a su ne kasuwar shagon. Asabar tasu daga faɗuwar ranar Juma'a take kamawa zuwa fitowar taurari bayan faɗuwar ranar Asabar, kuma a cikinta ba kunna wuta, ba ciniki, ba tuƙi, ba taɓa waya. A Disamba, da rana ke faɗuwa da wuri, tun da tsakar rana ake fara share kanta.

Shekarar shagon ma haka take tafiya, abin da ke kan tire shi ke gaya maka watan da ake ciki. A sabuwar shekararsu, wajen Satumba, halar ba kitso ake mata ba, naɗe ta ake yi zagaye, ga kek ɗin zuma. A bikin Furim, wajen Maris, sai wani ɗan biskit mai kusurwa uku da aka laƙaba wa sunan Haman, wazirin Farisa da ya ƙulla hallaka su bai yi nasara ba. In Idin Ƙetarewa ya zo kuwa, na tunawa da fitarsu daga hannun Fir'auna, kwana takwas ba a cin duk abin da yis ya taɓa, ko ɓurɓushinsa ba a bari a gida. Gidan burodi sai ya ja ƙofa ya rufe ɗungurungum. Dattijon ya ce shi ne kaɗai hutun da yake samu.

Yanzu ga abin da na ce ya fi donot. Na farko rogelak, 'yan ƙanana kamar babban yatsa, an murza ƙullu sirir, an shafe shi da cakulan ko kirfa, an yanka shi kusurwa uku an naɗe. Da awo ake sayar da su, kuma haɗarinsu shi ne ba ka sanin adadin da ka ci. Na biyu babka, wanda asalinsa Folan da Yukren ne, mai tsayi, an murɗa shi har in ka yanka sai ka ga cakulan ya yi zane a ciki. Yana da kyan gani, amma wanda na samu ya ɗan bushe ta gefe, kuma a nan ne na ji rashin bota, don man kantin na barin wani santsi a dasashi. Na uku shi ne gwanina, kokosh. Ba shi da kyan gani ko kaɗan, a baje yake kamar an zauna a kai, dogo, mai nauyi a hannu. Ƙullun bai fi takarda kauri ba, an laɓta masa koko da sukari da mai an naɗe ba tare da an bar shi ya tashi sosai ba, don haka cikinsa a jiƙe yake, baƙi wuluk, da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe da ke hana zaƙin ya gundure ka. Yahudawan Hangari ne suka zo da shi. A 1944, cikin ƙasa da wata biyu, an kwashe fiye da mutum 400,000 daga cikinsu a jiragen ƙasa, galibi zuwa sansanin halaka na 'yan Nazi da ke Auschwitz. 'Ya'ya da jikokin waɗanda suka rage su ne a layin nan, suna gardamar ko na wannan makon ya kai na makon jiya.

Muka fito da kwalin donot, da hala biyu, da ledar rogelak, da kokosh guda. Lokacin azahar ya yi, a hunturun can kuwa in ka yi wasa la'asar ta cim maka, sai ƙanwata ta ce mu taka zuwa titin Cazenove. A wannan titi akwai masallaci da cibiyar al'ummar Musulmi, yawancinsu 'yan asalin Gujarat ta Indiya, ga kuma majami'u da makarantun Yahudawa, kusan ƙofa da ƙofa. Masu farar jallabiya da masu baƙar kwat na wuce juna a kan dakali ɗaya, kowa da gemunsa. Ba zan ce na ga ana rungumar juna ba, kowa harkar gabansa yake yi, kuma 'yan Hasidi mutane ne masu tsare kansu, ba sa sakin jiki da bare. Amma akwai zaman mutunci da aka gina da gangan. A 2000 wani malaminsu, Herschel Gluck, ya haɗa kai da shugabannin Musulmin yankin suka kafa zauren tattaunawa. A 2013, bayan kisan wani soja a Woolwich, da aka shiga kai wa masallatai hari a sassan Ingila, 'yan sintirin sa kai na Yahudawan unguwar, Shomrim, suka sa masallatan yankin cikin wuraren da suke gadi. Abin da ya fi haɗa su ma na yau da kullum ne: yanka, kaciya, gaggauta binne mamaci, da tsadar gida ga mai iyali da yawa. Tsadar ce ta sa tun wajen 2016 wasu iyalan Hasidi suka fara ƙaura zuwa Canvey Island, can bakin kogin Thames.

Na bar kayan a hannun ƙanwata na shiga na yi salla. Da na fito ta riga ta buɗe ledar rogelak, ta ce sanyi ne ya sa.

Da yamma yara suka dawo makaranta suka far wa kwalin, kowa da farin gashin baki na sukari. Hala kuwa sai da aka dafa shayi mai citta da kanumfari muka gane darajarta. Ba a yanka ta da wuƙa in ana son daɗinta, yagowa ake yi, tana rabuwa zare-zare, da ɗan zaƙi kaɗan da ƙamshin ƙwai, tana shan shayi ba ta narkewa. Ta biyun ta kai har Lahadi ba ta canza ba. Donot ne ba ya kwana. Wanda aka rage wa maigidan, da ya dawo daga aikin dare da asuba, ya riga ya saki jiki, sukarin ya narke ya jiƙa kwalin. Ya ci abinsa a tsaye a kicin, sannan ya tambaya ko akwai sauran kokosh. Babu.